Kafin a Ja Layin Falo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a sabon fegi a Madarumfa ranar da za a fitar da gida ya san yadda abin yake tafiya. Magini ya zo da igiya da turaku da ƙwaryar toka, mai gida na biye da shi yana nuni da yatsa: nan falo, nan ɗakin uwargida, nan na amarya in Allah ya kawo, can shagon da zai kalli hanya. Sai an gama rabon ƙasa kakaf, rana ta take, kowa ya ƙosa, sannan wani ya ce, "To, bayan gida fa?" Sai a nemi lungun da ya rage. Ko yana maƙwabtaka da rijiya, ko yana cikin kwari, ko ƙofarsa na kallon zaure, ba kasafai ake tambaya ba. Wurin da duk mai rai a gidan zai shiga safe da yamma, daga yaro mai tatata har tsohuwa mai dogara sanda, shi ake bai wa ragowa.

Ba haka muka taras ba, ko da yake ba zan ce a da komai daidai yake ba. A gidan da muka tashi, zamanin mulkin Seyni Kountché, makewayi zana ce aka kewaya a bayan ɗakunan mata, nesa da zaure, inda baƙo ba shi da dalilin bi. A ciki akwai faffaɗan dutse da ake tsayawa a kai. Ruwan wanka ba ya fita waje, an ja masa hanya da hannu yana gangarawa gindin lalle da zogale. Salanga daban take, wata zanar ta raba ta da wurin wanka. Bakinta wuyan tsohuwar randa ne, ana kife shi da sakaina, kuma kowace safiya kakarmu takan kwashe tokar murhu ta zuba a ciki. Ba ta san sunan ƙwayar cuta ko ɗaya ba, amma ta san toka na kashe wari tana rage ƙuda. Tsofaffi sun gane cewa wanka daban, biyan buƙata daban, kuma ruwan da ya taɓa jiki dole a san inda zai kwana.

Wannan a gidajen da ke da salanga ke nan, da yawa kuwa ba su da ita. Maza su nufi daji ko bakin gulbi, yara su tsuguna bayan danga, mata su daure tun asuba har duhu ya rufa. Na san matan da ke rage ci da sha da rana saboda wannan, har da masu juna biyu. In ana yabon zaman da ba a cika tuna su ba, ni kuwa na kasa mantawa.

Sai kuɗi suka fara shigowa, ido ya buɗe. Tsakaninmu da Maraɗi kilomita 20 ne da 'yan kai, hanyar Ɗan Isa kuma ta miƙe har Jibiya da Katsina. 'Yan kasuwarmu suka ga gidajen alhazan birni, suka kwana a masaukan Kano, suka je Makka suka dawo. Kowa ya ƙudurta in ya tashi gini ban ɗakinsa a cikin ɗaki zai kasance, da tayil har sama, da shawa, da masai na zama mai tanki. Ban ga laifin son abu mai kyau ba. Abin da ya faru shi ne an ɗauko kayan, an baro ruwan da ke tafiyar da su a can. Masai mai tanki na tsohon yayi yakan sha lita 9 ko fiye a kora ɗaya, na yanzu wajen lita 6. Gida mai mutum 10, in kowa ya shiga sau 3 a yini, lita 180 zuwa 270 ke nan, wato jarka 7 zuwa 11 ta lita 25, ba a yi wanka ba, ba a ɗora tukunya ba. A unguwar da famfo ke zuwa yana ɗaukewa, wa zai kawo wannan ruwa? Kan 'yan mata zai ƙare, ko aljihun mai gida wajen 'yan ga-ruwa. Daga ƙarshe tanki ya bushe, a koma kora da bokiti, bokitin ma a riƙa yi masa ƙwauro, wari ya cika ɗakin kwana. Na shiga gidaje masu kyan gani inda aka kulle irin wannan ban ɗaki aka jibge buhunan gero a ciki, iyali suka koma kewaya zana a tsakar gida.

Shekarar 2018 ce ta sa da yawanmu muka sake duban ƙasar da muke gini a kanta. A farkon watan Yuli aka kai marasa lafiya na farko gidan likitan N'Yalwa, sun tsallako daga Jibiya da amai da zawo, kafin watan ya ƙare gwamnati ta tabbatar kwalara ce. Zuwa farkon Oktoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya fiye da mutum 3,600 da suka kamu a ƙasar nan, kusan 70 sun riga mu gidan gaskiya, kuma yankin Madarumfa ne ya fi ko'ina jin jiki. Bayanin hukumar na lokacin ya ce kimanin kashi 75 cikin 100 na mutanen jihar Maraɗi a fili suke bayan gida. Wasu sun so su ɗora laifin a kan ƙetare. Amma mu da Jibiya auratayya ce da cin kasuwa ɗaya, ba wanda zai hana shiga da fita. Abin da ya zaunar da cutar shi ne abin da ta taras a nan. A 2021 ta sake dawowa.

Garinmu a bakin ruwa yake. Tafkin da muke alfahari da shi, mai kewaye da kaburburan waliyyai 99, Gulbin Gabi ne ke cika shi, ga kuma Gulbin Maraɗi yana ratsa fadamarmu. Ga masunta da masu lambu albarka ce, ga mai haƙa ramin salanga kuwa jarrabawa. A unguwannin kwari, da damina ba a nisa da haƙa ake cin ruwa, ƙasar kuma rairayi ce mai tsotsewa. Abin da ka zuba a raminka yana iya bi ta ƙarƙashin katanga ya iske rijiyar maƙwabci. Ma'aikatan tsafta suna da ƙa'ida a kan wannan: rami ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, gindinsa kuma ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa. To, a ɗauki fegi mai mita 20 a kan 20. Ko daga kusurwa zuwa kusurwa aka ja igiya, mita 28 da ɗan ɗori kawai za a samu. Ke nan a irin wannan fegi rijiyar sha da ramin salanga ba za su zauna gida ɗaya lafiya ba. Kuma inda za a haƙa ba shawarar mai gida kaɗai ba ce, sai ya leƙa ya ga abin da ke bayan katangunsa huɗu.

Bayan annobar 2018 yayana ya tashi nasa ginin, ya kuwa faɗo daidai lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019. Aiki ya riƙa tafiya yana tsayawa, amma jinkirin ya zama alheri, don shi ya ba matan gida damar sa baki. Zanen da aka yi masa a birni yana da ban ɗaki a cikin kowane ɗaki, ƙanana, da masai da shawa a cunkushe wuri ɗaya. Ya kawo takardar da murna ya shimfiɗa a gaban Inna, mahaifiyarmu. Ta juya ta, ta ce ita ba ta gane layi ba, a kai ta fegin.

Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta tsaya a cikin zanen tokar, ta gwada da sandarta, ta ce, "Kai wannan, in mai ɗakinka ta sauka, ina za a yi mata wankan jego?"

"Ai ga shawa nan, Inna."

"Shawar ce za ta tafasa ruwa? Da ita, da mai yi mata wankan, da baho, da ganye, duk a cikin wannan akurki? Sannan ran da na cika, ina za a shimfiɗe ni a wanke?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Inna."

"Amin. Amma tun ran gini ran zane."

Ban taɓa jin mai zane ko magini ya yi wannan tambaya ba, kuma ita ce ta gaskiya. A gidan Bahaushe wurin wanka ba na wankan kullum ba ne kaɗai. A nan mai jego ke yin kwana arba'in tana wanka da ruwan zafi safe da yamma. A nan ake wanke amarya. A nan ake tallabar tsoho mai jinya, kuma a gidaje da yawa a nan ake yi wa mamaci wankan ƙarshe. Babu ɗaya cikin waɗannan da mutum ke yi shi kaɗai a tsaye. Wurin da ba zai ɗauki mutum a kwance da biyu a kansa ba, bai isa wurin wankan iyali ba, komai ƙyallinsa. Aka share tokar, aka fitar da ɗaki mai mita 2.5 a kan 2, da ƙofa mai faɗin santimita 90 wadda ke buɗewa waje, don in wani ya faɗi a ciki kada jikinsa ya tokare ta. Aka matso da shi kusa da madafi, taku kaɗan daga murhu, saboda kada a ratsa tsakar gida da tafasasshen ruwa yara na guje-guje. Wanda ya taɓa ganin yaron da ruwan jego ya ƙona ba zai raina wannan ba.

Da matar Yaya ta ga ƙofa ta buɗe, ita ma ta kawo nata. "Baban yara, a raba mana masai da wurin wanka," in ji ta. "Ku ba ku nan da safe. Wannan na sauri za shi makaranta, wancan ya shiga wanka ya kulle, ƙaramin na kuka a bakin ƙofa." Aka raba, masai ya koma ɗaya gefen, nesa da tukwane. Ta nemi a yi wata guntuwar katanga a gaban ƙofofin, yadda wanda ke zaune a tsakar gida ba zai ga mai shiga da mai fita ba. Akwai kuma buƙatar da ba ta iya faɗa a gaban magini ba, ta bakin Inna ta fito: ɗan fili a bayan wurin wanka, marar rufi, da igiyar shanya, inda rana ke shiga ido ba ya shiga. 'Yan matanmu da yawa a ƙarƙashin katifa suke busar da ƙyallayen al'adarsu don kunya, su mayar da su jiki da damshi. Faɗin mita ɗaya ya raba 'ya'yan gidan da wannan.

Zancen alƙibla bai ɗauki lokaci ba. Hadisin Abu Ayyub al-Ansari da ke cikin Buhari da Muslim ya hana fuskantar alƙibla ko ba ta baya yayin biyan buƙata. Malaman Malikiyya sun sassauta in a cikin gini ne, amma zuciyar mutanenmu ba ta natsuwa. Alƙiblarmu gabas ce da ɗan karkata arewa, sai a kafa masai yadda mai tsuguno zai kalli kudu ko arewa. Ranar zuba toka wannan ba ya cin ko dala, bayan an zuba siminti kuwa sai da guduma. Wurin alwala aka fitar da shi waje, dakali da ɗan famfo da mazubin sabulu, aka kuma kafa shi a kan hanyar mai fitowa daga masai, dole ya bi ta gabansa. A ganina duk ginin babu abin da ya kai wannan dakali amfani. Yaro ba zai zagaya neman sabulu ba, amma in ya yi karo da shi zai wanke hannu.

Masai mai tanki dai Yaya ya haƙura da shi, ba da son ransa ba. Aka sa na tsuguno mai maƙogwaro, wanda ɗan ruwan da ke kwanciya a lanƙwasarsa ke tare wari da ƙuda, lita 2 zuwa 3 ta ishe shi kora. Bututu ya fita zuwa ramuka biyu a jikin katangar da ke kallon lungu. Ana amfani da ɗaya har ya cika, a toshe shi a juya wa ɗayan. In ya shekara 2 a rufe, abin da ke ciki ya bushe ya zama taki, a kwashe da shebur ba tare da an ratsa gida da bokitan ƙazanta ba. Saboda wurin na da ɗan kwari, ba a zurfafa su ba, an faɗaɗa su ne, zagayayyu, an ɗaure su da bulo don rairayi kada ya rufta, an bar kafofi a jerin ƙasa, an shafe na sama, an ɗaga bakinsu sama da ƙasar gida. Rijiya kuwa aka fasa ta gaba ɗaya, aka sayi tanki ana tara ruwan famfo. Inna aka kafa mata ƙarfen riƙo a bango, kafinta ya yi mata kujera mai huda da ake ɗorawa a ɗauke, tunda gwiwa ta daina yarda da tsuguno.

A bakin zaure aka yi wata 'yar salanga ta baƙi, irin wadda Peter Morgan ya ƙirƙiro a Zimbabuwe a shekarun 1970. Dabararta mai sauƙi ce. Ana kafa bututu daga rami ya zarce rufi da kamar rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga. Iskar da ke kaɗawa a sama tana zuƙe warin ta fitar. Cikin ɗakin ana barinsa da ɗan duhu, sai ƙudan da ke rami ya bi hasken da ke saman bututu, raga ta tare shi, ya mutu a nan. Wasu sun ce ɓarnar kuɗi ce. Ni kuwa ina tambaya: gidan da namiji baƙo ba ya wuce zaure, ranar suna ko zaman makoki, ko almajiri da mai aikin gona, ina ake so su nufa? Jikin katangarka za su nufa, kuma ba laifinsu ba ne.

Daɓe shi ne inda maginanmu suka fi sakaci. Gangaren santimita 2 a kowace mita ya isa ya kai ruwa rariya, amma sau da yawa sai ka ga ruwa ya kwanta a bakin ƙofa, mace na bin sa da tsintsiya shekara da shekaru. Yaya bai biya kuɗin aiki ba sai da ya sheƙa bokiti a gaban magini suka ga inda ruwan ya nufa. Tayil mai santsi aka bar wa bango, ƙasa aka sa mai kaushi. Taga a can sama, fitila mai aiki da hasken rana, saboda kunama ba ta san an ɗauke wuta ba.

Gidan ya ga gwaji tun daga lokacin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, a unguwarsu ruwan famfo ma ya riƙa yin nauyin zuwa. Masai mai shan buta guda bai dame su ba. A daminar 2024, da ambaliya ta yi wa jihar Maraɗi mummunar ɓarna, ramuka sun cika sun tumbatsa a gidaje da dama, wasu sun rufta. Nasu ruwa ya kewaye su bai shiga ba. Sai dai akwai inda dabarar ta gaza. Ruwan wanka da na wanki an yi masa ramin tsotsewa mai duwatsu, da rani yana aiki, amma in ƙasa ta ƙoshi a watan Agusta ba ya shanyewa, sabulu kuma na toshe shi. A irin waɗannan makonni ruwan kan fita lungu kamar na kowa, ya haɗu da kwatar maƙwabta, sauro ya samu wurin zama. A garin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka daɗe suna fama da zazzaɓi da tamowa a jikin yara, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya fi ƙarfin gida ɗaya.

Za a ce duk wannan zancen masu hali ne. Rabinsa kawai. Shirin nan na tsaftar gari da aka faro a Bangaladash wajen shekarar 2000, wanda daga baya ya iso ƙauyukanmu, ya sa mutane da yawa sun haƙa salanga da ƙarfinsu, abin a yaba. Amma na ga da dama sun rufta a daminar farko, saboda an ce a haƙa, ba a tsaya kan ina da yaya ba. Mai zana da murfin siminti guda shi ma yana iya zaɓar tudu, ya nisanci rijiya, ya juya wa gabas kafaɗa, ya ɗaga bakin rami, ya raba wanka da salanga, ya kira matarsa da mahaifiyarsa su tsaya a fegin kafin a kafa turke. Cikin waɗannan babu wanda ake saya a kasuwa.

Abin da ya rage na hukuma ne. In ana yanka fegi, ofishin magajin gari ya san faɗi da tsawo da sunan mai shi. Ina ganin lokaci ya yi da za a riƙa nuna wa kowane jeri gefen da ramukansa za su kasance, baya da baya, a kuma rubuta a takardar fegi, yadda wanda ya zo daga baya zai san abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Kwanan baya wani bawan Allah ya sayi fegin da ke ƙetaren lungun su Yaya, ya kawo masu haƙar rijiya suka fara aiki taku kaɗan daga ramukan nan biyu. Ba mugunta ba ce, murfin siminti kawai ya gani, bai san mene ne ba. Yaya ya je da kansa ya yi sallama, ya kama hannunsa ya nuna masa. Mutumin ya ce ya riga ya ba da kuɗin somin aiki, kuma can ƙarshen fegin nasa akwai salangar wani maƙwabcin. An dakatar da haƙar, an kai maganar gaban mai unguwa, har yanzu ana neman inda rijiyar za ta zauna.